Kafin mai hoto ya iso: amsoshin tambayoyinku kan shirya gidan sayarwa da na haya

Yanzu mai neman gida kan fara ganinsa ne a waya, ko a WhatsApp ɗin dillali, ko a Facebook, ko a shafukan talla irin su Jiji, kafin ya yarda ya ƙona mai ya je unguwar. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan haka suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigida zai sayar da gidan da muke ciki, ɗaki huɗu da falo biyu. Dillali ya ce nan da mako guda zai turo mai hoto. Muna ciki da yara, ga tarin kaya na shekara da shekaru. Ta ina zan fara? (Wata uwargida, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mako guda ya isa, in dai an bi aikin daki-daki: a fara da kwashe kaya, sannan gyara, wanki da goge-goge su zo a ƙarshe. Masu farawa da wanki aiki biyu suke yi, domin janye kabad ɗaya kawai zai dawo da ƙurar da aka share jiya.

Ki ware kwana biyu na farko don kwasa. Zaɓi wuri ɗaya, sito ko ɗakin da ya fi ƙanƙanta, ya zama ma'ajiya. Shi za a ɗauka a ƙarshe bayan an fitar da kayan zuwa wani ɗakin da aka riga aka gama da shi, ko kuma a bar shi ba a ɗauka ba. Ga dabarar da za ta nuna miki abin kwashewa: tsaya a bakin ƙofar kowane ɗaki ki ɗauki hoto da wayarki, ki koma gefe ki duba. Ido ya saba da gida, ya daina ganin cajar da ke lilo a soket, da kalandar bara, da tabon man gashi a bango daidai inda ake jingina kai. Kyamara ba ta saba ba, duk za ta fito da su.

A falo, abin da ya fi cin fili shi ne yawan kujeru. In saiti biyu ne a falo ɗaya, a fitar da ɗaya. A bar hanyar wucewa mai faɗin aƙalla ƙafa 3 tsakanin kujera da tebur. Ƙananan tebura, filawar roba da ta sha ƙura, rimot, kwalin tishu, dardumar salla, abin turaren wuta, takalman bakin ƙofa, duk a ɗauke. Wayoyin talabijin da na dikoda a naɗe su a ɗaure a bayan talabijin ɗin. In kafet ya tsufa alhali tayil ɗin ƙarƙashinsa lafiya yake, naɗe shi ya fi, don mai saye ƙasan ɗakin zai saya, kafet kuwa da ke zai tafi.

A ɗakin kwana, a sauke akwatuna da jakunkuna daga saman wadirob, a kwance gidan sauro har da igiyoyinsa, a kwashe mayuka da turaruka daga gaban madubi. A duba ƙarƙashin gado, domin daga bakin ƙofa kyamara na hango abin da aka tura ciki. Zanin gado ya zama mai launi ɗaya marar hayaniya, a goge shi, a ja shi sosai a soke a ƙarƙashin katifa.

Kicin da banɗaki su ne ke sa mai saye ya tsaya ko ya wuce, don haka su za ki fi ba wa ƙarfi. A kicin, saman kabad ya zama wayam, in ban da abu ɗaya ko biyu masu tsabta. Turmi da taɓarya, jarkokin ruwa, buhun shinkafa, kwandon shara, soso da sabulu, risho, duk su fita. Maiƙon da ya daskare a tayil ɗin bayan murhu ana jiƙa shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke na minti 10 kafin a dirje. A banɗaki kuwa, buta, bokiti, baho, tawul, buroshin haƙori da silifas ba su da wuri a hoto, kuma a rufe murfin masai. Farin tabon da ruwan burtsatse ke bari a kan famfo da shawa yana fita da ruwan khal: a haɗa shi rabi da rabi da ruwa, a jiƙa tsumma a naɗe famfon na rabin awa, sannan a goge. Kada a zuba shi a kan mabul, yana cinye ƙyallinsa. Sannan a kiyaye: ba a haɗa bilic irin su Hypo da ruwan wanke masai mai asid. Haɗuwarsu na fitar da iskar gas mai shaƙe numfashi, kuma banɗakunanmu ƙananan tagogi gare su.

Kwana na uku da na huɗu na masu gyara ne: ƙwan lantarkin da ya mutu, murfin soket da ya fashe, famfo mai ɗiga, hannun ƙofa da ya saki, ƙofar kabad da ta karkace, ragar taga da ta yage. Kuɗinsu kaɗan ne, amma kowane ɗaya yana sa mai kallo ya fara tunanin abin da bai gani ba. Sauran kwanakin a yi wanki daga sama zuwa ƙasa: yanar gizo da gidan zanzaro a kusurwar silin, fukafukan fanka, ƙarafunan taga, gilasai ciki da waje, sannan ƙasa. A ranar hoton, a gama goge tayil awa guda kafin mai hoto ya zo don ya bushe, a kai yara gidan maƙwabta ko na kaka.

Tambaya: Ni dillali ne, da wayata nake ɗauka. Hotunan ciki sai su fito da duhu, bango ya yi rawaya-rawaya, taga kuma ta zama fari fat ba a ganin komai. Wayar ce ba ta da kyau? (Wani dillali, Kano)

Amsa: Malam, da wuya laifin wayar ne. Matsala uku ce ta haɗu maka.

Ta farko ita ce tazarar da ke tsakanin hasken waje da na ɗaki. Idon mutum na iya ganin duka biyun a lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya: in ta gyara ɗakin taga ta ƙone, in ta gyara taga ɗakin ya yi duhu. Maganin shi ne rage tazarar. Ka ɗauki kowane ɗaki a lokacin da rana ba ta bugun tagarsa kai tsaye, wato ɗakunan gabas a ɗauke su da yammaci, ɗakunan yamma kuma da safe. Ka zuge labule mai kauri gaba ɗaya, ka bar mai shara-shara a sake in akwai shi, yana tausasa hasken. Ka tsaya yadda taga za ta kasance a gefenka, ba a gabanka ba. Ka kunna HDR, wato saitin kyamarar waya da ke daidaita haske da duhu, sannan ka taɓa allon wayar a kan bango mai matsakaicin haske kafin ka danna.

Ta biyu launin ƙwayayen lantarki ne. Duba jikin ƙwan ko kwalinsa, za ka ga lamba da harafin K. Mai 2700K ko 3000K haskensa rawaya ne, mai 6500K fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma shi ya fi kusa da hasken rana da ke shigowa ta taga. In ɗaki ɗaya ya haɗa iri biyu, kyamara ba ta san wanda za ta bi ba, sai rabin bango ya fito rawaya rabi shuɗi. Ko dai a sa duk ƙwayayen ɗakin su zama iri ɗaya, ko a kashe su duka a dogara da taga in haskenta ya wadatar. Fitilun ado masu launin shuɗi da shunayya da ake ɓoyewa a cikin silin ɗin POP kuwa, a kashe su. Suna ɓata launin fenti da na tayil, mai kallo ya kasa sanin ainihin kalar ɗakin.

Ta uku ita ce rawar hannu. A wuri mai ƙarancin haske waya kan daɗe kafin ta kammala ɗauka, motsi kaɗan sai hoton ya dushe. Ka samu abin ɗora waya mai ƙafa uku, ka sa agogon daƙiƙa 3, ka janye hannunka. Kada ka kunna filasha, tana haska abin da ke kusa ta bar lungu da duhu, ta kuma bar farin tabo a tayil da madubi. A kashe fanka, don fanka mai juyawa dishi-dishi take fitowa. In ka ga baƙaƙen layuka sun ratsa hoton, wani ƙwan LED ne mai araha ke ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa, sai ka gano shi ka kashe. Kuma ka tanadi mai a janareto tun kafin ranar, kada a ɗauke wuta kuna tsakiyar aiki.

Tambaya: Hotunan gaban gidana duk sun fito fari-fari kamar an watsa toka. Wane lokaci ya dace a ɗauki waje? (Wani magidanci, Katsina)

Amsa: Alhaji, da alama a ranar hazo aka ɗauka. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris, ƙurar hunturu kan mayar da sama fara, ta kashe launin fenti. Ba kullum take kauri ba, don haka in babu gaggawa a jira ranar da ta lafa. In dole ne, a matso kusa da ginin, a rage yawan sama a cikin hoton. Washegarin ruwan sama a damina shi ne lokacin da ya fi kowane kyau, ganye ya wanku, sama ta yi shuɗi.

Sai batun inda gidan ya fuskanta. Ana so rana ta kasance a bayan mai ɗauka tana haska fuskar gidan. Mai kallon gabas da safe, tsakanin ƙarfe 8 da 10. Mai kallon yamma bayan la'asar. Tsakar rana ba ta yi wa kowane gida kyau, domin rana na tsaye a ka, inuwar baranda da ta bakin kwano sai ta rufe ƙofofi da tagogi da baƙi. Gida mai kallon arewa shi ne mai wuya: a yankinmu, in ban da daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, rana ta kudu take ratsawa, fuskarsa a inuwa take wuni. Irin wannan a ɗauke shi da sassafe, ko kuma da faɗuwar rana an kunna fitilun ciki da na waje duka. Wannan hasken na bayan faɗuwar rana bai wuce minti 20 ba a nan, kuma ya faɗa daidai lokacin sallar magariba, don haka a kafa waya a zaɓi wurin tsayawa tun rana ba ta faɗi ba.

Kafin nan a shirya wajen. A fitar da motoci da babura, a roƙi maƙwabci ya ɗan matsar da tasa daga bakin get. A kwance igiyar shanya, a ɗauke durom da jarkoki da tiyo, a kai awaki da kaji baya. A ɓamɓare fastocin 'yan siyasa daga katanga, a goge rubutun alli da masu rigakafi ke bari a jikin ƙofa da zanen gawayin yara. A yashe kwatar ƙofar gida, a cire ciyawar da ta fito tsakanin intalok. In za a wanke intalok, ko a ɗauka duk yana jiƙe ko a jira ya bushe sarai, rabi da rabi kamar tabo yake fitowa. A lokacin ƙura, goge-gogen jiya ba ya kwana: a rufe tagogi da dare, a sake bi da tsumma mai danshi da safe.

Tambaya: Bangon falona ya yi danshi daga ƙasa, fenti na ɓarewa, ga wani farin gari da ke fitowa. Silin ɗin ɗaki ɗaya ma ya yi tabon yoyo. Wani ya ce in shafe da fenti kwana biyu kafin hoto, ko mai hoton ya goge a kwamfuta. Me kuke gani? (Wani mai karatu, Zariya)

Amsa: Ba mu ba ka wannan shawarar ba, ta fuskar aiki da ta fuskar addini.

Farin garin nan gishiri ne da ruwa ke ɗaukowa daga cikin bulo da siminti, ya bar shi a fuskar bango in ya bushe. Matuƙar ruwan na shigowa, sabon fenti zai kumbura ya ɓare cikin 'yan makonni, fenti mai mai ma ya fi saurin yin bororo don yana kulle danshin a ciki. Sai a fara gano hanyar ruwan. In danshin ya bi gindin bango a jere, tsayinsa bai wuce mita ɗaya ba, daga ƙasa yake tasowa: ko ba a sa ledar hana danshi a tushen ginin ba, ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗakin tudu, ko ruwan indararo na zuba a gindin bangon. In kuwa wuri ɗaya ne kuma bayansa banɗaki ne, bututu ne ya fashe a cikin bango, aikin fulamba ne. Bayan an toshe hanyar, a kankare fentin da ya saki, a goge gishirin da busasshen buroshi mai tauri. Kada a wanke da ruwa, narkewa yake ya koma ciki. In an sake filasta, tana buƙatar kamar mako huɗu ta bushe kafin fenti.

Tabon silin ma haka ne: a hau a gyara kwanon tukuna. Sannan a fara shafa fentin farko mai mai, wanda ake kira primer, a kan tabon ya bushe, kafin a bi da fentin ruwa. In aka shafa fentin ruwa kai tsaye, tabon ruwan ƙasa-ƙasan zai sake ɓullowa ko an yi shafa uku. Kuma kada a yi faci a tsakiyar bango, sabon fenti da tsoho ba sa zama launi ɗaya, kyamara kuma tana kama bambancin fiye da ido. A shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Bokitin lita 20 kan ishi ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12, shafa biyu, in bangon ba sabuwar filasta ba ce. Fari ko ruwan madara ya fi haska ɗaki a hoto. Tsaga siririya kamar gashi ana cike ta a shafe, amma wadda faɗinta ya kai milimita 5, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, injiniya ya kamata ya gani.

Gogewa a kwamfuta kuma algus ne. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai algus ba ya tare da shi. Ƙara haske ko miƙar da hoton da ya karkace ba laifi, share aibin gini ne matsalar. In babu halin gyara yanzu, a tsabtace wurin, a ɗauka yadda yake, a faɗa wa mai saye, a rage a kuɗi. Ko ba komai, mai sayen zai zo da ƙafarsa, galibi da birkilansa.

Tambaya: Gidan haya ne, babu kowa a ciki, babu kaya. Shi ma sai an shirya shi? (Wata Hajiya mai gidajen haya, Abuja)

Amsa: Sosai ma, Hajiya, don a ɗaki wayam babu abin da zai ɗauke ido daga datti. A cire ƙusoshin da ɗan hayan baya ya bari a cike ramukan, a kankare ɗigon fenti da siminti daga tayil, a share kashin tsaka daga bakin taga, a sa ƙwai a duk mazaunin da yake fanko. A zuba ruwa a masai da magudanan banɗaki a wanke zoben da ruwan da ya daɗe ya bari. A buɗe ƙofofin ciki don a ga yadda ɗakuna suka haɗu. Tunda babu gado ko kujera da za su nuna girma, a auna kowane ɗaki a rubuta a ƙarƙashin hotonsa.

Tambaya: Yaya zan riƙe wayar, kuma hoto nawa ya isa? Na ga wasu na amfani da maɓallin 0.5 na kyamarar waya, mai faɗaɗa hoto, ɗaki ya zama kamar fili. (Wani matashi mai koyon dillanci, Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, maiƙon yatsa kaɗai na sa hoto ya yi hazo. Ka riƙe wayar a kwance, a tsayin ƙirji, ƙafa 4 zuwa 5 daga ƙasa. A kicin ka ɗan ɗaga don a ga saman kabad. Abin da ya fi komai shi ne kada wayar ta sunkuya ko ta ɗaga kai: da ta karkata, bango da ƙofofi za su fito kamar za su faɗi. Kunna layukan da ke raba allo, ka daidaita su da gefen ƙofa. Ka tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa yadda bango biyu ko uku za su shigo, ka kuma leƙa madubi da gilashin talabijin kada kai ma ka fito.

Shi 0.5 yana miƙe abin da ke gefe, ya nesanta abin da ke tsakiya. Yana da amfani a banɗaki da sito inda babu wurin ja da baya. A falo da ɗakin kwana ka tsaya a 1, don wanda ya zo ya tarar da ɗaki rabin abin da ya gani ba zai ƙara yarda da hotonka ba.

Hoto 15 zuwa 25 ya ishi gida mai ɗaki uku ko huɗu. Ka jera su yadda baƙo zai shiga: gaban gida, tsakar gida, falo, kicin, babban ɗaki da banɗakinsa, sauran ɗakuna. Kada ka manta da abin da mai saye a nan ke fara tambaya, wato ruwa da wuta da hanya. Ka ɗauki tanki, rijiya ko burtsatse, mita, sola in akwai, da layin da ya zo ƙofar gidan.

Tambaya: Ina jin tsoron hotunan cikin gidana su yi ta yawo a waya. Me ya kamata in ɓoye? (Wata 'yar kasuwa, Sakkwato)

Amsa: Tsoronki a kan hanya yake, Hajiya, don hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. A sauke hotunan iyali da na biki, da takardun shaidar makaranta masu suna, da kayan makarantar yara masu tambari. Gwal, akwatin ajiyar kuɗi, makullai da na'urar kyamarorin tsaro kada su fito. A rufe lambar mota da lambar gida, haka lambar mita. Takardun fili, ko shaidar mallaka ce ko takardar ciniki, ba a saka hotonsu a talla, 'yan damfara da su suke sayar da gidan da ba nasu ba. Dillali ya rubuta sunansa a tsakiyar kowane hoto da rubutu mai shara-shara, don wanda ke gefe yanke shi ake yi.

A sanar da matan gida ranar da lokacin, namiji na gida ya zaga da mai hoton, kuma ki ce a nuna miki hotunan kafin a sake su. In 'yan haya ne a ciki, sai da izininsu. Daga saman bene a kula kada tsakar gidan maƙwabta ta shigo. Masu son ɗauka da jirgi marar matuƙi su sani cewa a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA.

Wajen turawa, WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, sai an danna HD ko an tura shi a matsayin fayil. Sai dai hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da bayanan da waya ta liƙa masa, har da ainihin wurin da aka ɗauke shi. A shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri kafin a fara ɗauka.